Sayayya ta kai ni Seoul, gidan tarihi ya cinye min kwanaki

Tun kafin biza ta fito aka fara turo min saƙo a WhatsApp. Ƙanwata tana son man fuska irin wanda take gani a wajen 'yan fim ɗin Koriya, Anti ta ce yadi, Umma kuma ta ce ita kam ba ta son komai, sai dai in na ga bargo mai laushi, kuma duk mai uwa ya san me wannan maganar take nufi. To da wannan niyyar na sauka Incheon, in yi sati ɗaya wajen Yaya da ke karatu a Seoul, in cika akwati in dawo. Akwatin kam ya cika, amma tun da na dawo ba labarin kasuwa nake ta ba mutane ba.

Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa mai suna AREX, wanda ba ya tsayawa a hanya minti 43 ne ya kai ka tashar Seoul. Yaya ya saya min katin T-money a wani ɗan shago, ya ce, "Ke dai ki riƙe katin nan da kyau, da shi za ki hau bas, da shi za ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ki sauke Naver Map, don Google Maps ba zai nuna miki hanyar ƙafa a garin nan ba." Na ce to Yaya, a raina ina cewa ai ni ba yarinya ba ce.

Washegari Talata yana da aji, sai na ce bari in nuna masa ni ma na iya fita, na shirya tsaf na nufi fadar Gyeongbokgung, na sauka daidai, na hau matakala ina jin kaina, ina zuwa na tarar da ƙofa a garƙame. Ashe duk Talata rufewa suke. Wallahi kunya ta hana ni kiransa. Sai na gangara dandalin Gwanghwamun inda aka yi mutum-mutumin Sarki Sejong a zaune da littafi a hannu, shi ne sarkin da aka ƙirƙiro rubutunsu na Hangul a zamaninsa, a 1443, saboda talakawa ba sa iya koyon haruffan Sin masu yawan tsiya. Hotonsa ne a takardar kuɗinsu ta won 10,000. Daga nan na bi rafin Cheonggyecheon, ruwa ne garai-garai a tsakiyar gari wanda a da aka rufe shi da kwalta har da gadar sama, sai a 2005 suka gama fasa titin suka maido da rafin. Na cire takalmi na zauna a bakin ruwan kamar yadda na ga tsofaffi sun yi.

Laraba na koma. Kuɗin shiga won 3,000 ne, amma in ka sa hanbok, wato kayan gargajiyarsu, kyauta ne. Na yi hayar hanbok ɗin da kuɗin da ya ninka tikitin sau nawa, don in shiga kyauta, ku dai duba wannan lissafi nawa. Amma fa ya yi min kyau, siket ne har ƙasa da 'yar riga mai dogon hannu, na ɗora mayafina a kai ya zauna ɗas. Da ƙarfe 10 dogarai suka fito canjin gadi da ganguna da tutoci, jajaye da shuɗɗan kaya, ba mai ko murmushi a cikinsu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda fadar ta sha wuya. An gina ta a 1395, shekara uku bayan kafa daular Joseon. Ta ƙone a 1592 lokacin da Japan ta kawo yaƙi, ta zauna kango kusan shekara 270, aka sake gina ta a 1867, sannan a mulkin mallakar Japan na 1910 zuwa 1945 aka rushe mafi yawan gine-ginen, har suka dasa ƙaton ofishin gwamnansu a gabanta ya tare ta. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Koriyawa suka rushe wannan ofishin, kuma har yanzu aikin maido da fadar suke a hankali. Duk wannan ba su ɓoye ba, yana nan a rubuce, kaza ya ƙone a shekara kaza, an sake shi a shekara kaza.

Gidan Tarihin Ƙasa da ke Yongsan shi ne ya gama da ni. Ana sauka a tashar Ichon, layi na 4, kuma shiga kyauta ne, abin da har yanzu yake ban mamaki. Na shiga da niyyar awa ɗaya in wuce kasuwa, sai yamma na fito ƙafafuna na zugi. A ƙarshen babban falon akwai hasumiyar dutse mai hawa goma ta Gyeongcheonsa, tsayinta mita 13.5, an sassaƙa ta a 1348, a 1907 aka wargaza ta aka kwashe zuwa Japan, da surutu ya yi yawa aka dawo da ita a 1918. Ka tsaya a ƙasanta sai wuyanka ya gaji. Akwai kambin zinare na sarakunan Silla, wata tsohuwar daular ƙasar, siriri kamar ka hura ya tashi, da 'yan duwatsu koraye suna reto a jikinsa, na daɗe a gabansa ina tunanin wane irin maƙeri ne ya yi wannan aikin sama da shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce. Sai wani ɗaki a sama mai ɗan duhu, ba komai a ciki sai mutum-mutumi biyu na tagulla na addinin Buddha, kowanne ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yatsa a kumatu kamar mai tagumi. Ni dai kallo ya kai ni ba bauta ba, amma shirun ɗakin nan, har 'yan makarantar da suka cika waje da hayaniya suna shigowa suka yi tsit.

Gidan tunawa da yaƙi shi ma a Yongsan yake, shi ma kyauta, Litinin suke rufewa, wannan karon sai da na duba kafin in fita. Yaƙin Koriya ta Kudu da ta Arewa na 1950 zuwa 1953 ne ya fi yawa a ciki, yaƙin da har yau ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba, tsagaita wuta kawai aka yi. Ban taɓa sanin Habasha ta tura sojoji ba sai da na ga tutarta, ga kuma sunayen mamata a jere a jikin bango. A harabar akwai mutum-mutumin wa da ƙani, wan sojan Kudu, ƙanin sojan Arewa, sun rungume juna a kan wani tudu da ya tsage a tsakiya. Na kalli Yaya, ya ce, "Ke kar ki fara min kuka a nan."

Juma'a muka je babban masallacin Seoul a Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, yana kan tudu, sai ka yi haki kafin ka kai. A layin nan ne na ci nama hankalina kwance, don gidajen abincin halal sun cika wurin. A sauran gari kam sai da lura, naman alade suna ce masa dwaeji gogi, ku haddace, kuma yakan ɓuya har a cikin gimbap, shinkafar nan da ake naɗewa. A kasuwar Gwangjang na ga ana niƙa wake a dutse ana soya bindaetteok, ƙamshin sak ƙosai, amma wasu suna sa alade a ciki, sai da Yaya ya yi tambaya tukuna.

Sayayyar duk a kwana biyun ƙarshe na yi ta, a gurguje. Namdaemun tsohuwar kasuwa ce tun 1414, kusa da ƙofar Sungnyemun da wani ya cinna wa wuta a 2008 aka gama gyara ta a 2013, ga dai wata gobarar kuma. A nan ana ciniki amma ba irin namu ba, mai kaya zai danna kuɗin a kalkuleta ya nuna miki, ki ce kkakka juseyo, wato a rage min, ya ɗan rage kaɗan, in kin biya da tsabar kuɗi ya fi sakin fuska. Na gwada tafiyar nan ta ƙarya da muke yi don a kira mu, wallahi ba wanda ya kira ni, da kaina na dawo. Yadin Anti a Dongdaemun na samo, gini ne hawa-hawa cike da yadi da maɓallai da zare, na ɓata sau biyu a ciki.

Kayan shafa kuma Myeongdong, shagon Olive Young. Ku tafi da fasfo don ana cire wa baƙi haraji. Hodarsu dai ba ta fatarmu ba ce, na gwada ɗaya a bayan hannu na koma kamar an watsa min toka, sai na tsaya a man kare rana da abin wanke fuska. Tsarabar yara kuwa Daiso, komai tsakanin won 500 da 5,000 ne, a can ma na sayi ledar da ake zuƙe wa iska na matse bargon Umma ya shiga akwati da ƙyar, Yaya ya zauna a kai ni ina jan zif.

Da na kai mata ta shafa shi ta ce, "Ai na ce miki kar ki wahalar da kanki." Can kuma ta ɗago ta ce, "Guda ɗaya ne kawai a shagon?"