Fentin ƙofa a gidan Picasso na Antibes

Wani taro ne ya kai ni Nice a kudancin Faransa, ranar da muka gama sai abokin tafiyata ya ce mu hau jirgin ƙasa mu leƙa Antibes tunda ko minti talatin ba a yi. Ni dai na bi shi ne kawai, don gaskiya harkar zane ba ta dame ni ba.

Daga tasha muka taka da ƙafa, muka ratsa tsohon gari, lunguna matsattsu, kasuwar Cours Masséna sai ƙamshin zaitun da cuku, har muka ɓulla gaban wani tsohon ginin dutse a bakin teku, Château Grimaldi. A nan Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen, ya yi aiki kusan wata biyu a 1946, da zai tafi ya bar wa gidan, wanda na adana kayan tarihi ne, zanen fenti 23 da na takarda 44, a 1966 gidan ya koma ɗauke da sunansa.

Toh abin da ya tsayar da ni shi ne babban zanen nan La Joie de vivre, tsawonsa mita biyu da rabi, ga awaki na tsalle ga masu busa sarewa. Na matsa kusa sosai sai na ga fentin ya kwanta sumul, wani wurin ba ka ganin sawun burushi, wani wurin kuma ya ɗan zuba ya bushe a haka. Wallahi take na tuna kawuna mai fenti, shi da in fentin mai ya yi masa hawaye a jikin ƙofa sai ya kankare ya sake, wai aikin yara ne. Ashe dangin wannan fentin ne. An fito daga yaƙin duniya na biyu kayan zane sun yi wuya, sai mutumin ya kama irin fentin gida da na kwale-kwale, ya shafa a kan katako da allon siminti irin wanda muke ce wa asbesto.

Amma kada a ce talauci ne kaɗai, tun 1912 yake taɓa fentin gwangwani, musamman Ripolin, wanda ya shahara a Faransa har sunansa ya zama kalmar shafa fenti a bakinsu. Yana bushewa da wuri, yana sheƙi, launinsa garau.

A jirgi da muke komawa na duƙufa kan waya, nan na tarar masana sun daɗe suna ja a kan ko da gaske fentin gwangwani ne a zanukansa. Matsalar ita ce ido ba ya raba gardama, mai zane zai iya haɗa fentinsa na masu zane da ake matsowa daga tub da mai ko banish ya fito kamar na gwangwani, ga shi an saba duk abin da ya yi sheƙi a ce Ripolin ne ko da na wani kamfanin ne. A 2011 har taro aka yi a Marseille da Antibes kan wannan kaɗai. Wata masaniya a gidan zane na Chicago, Francesca Casadio, ita da mutanenta suka riƙa sayen tsofaffin gwangwanayen fenti a eBay, kasuwar intanet (wannan ya ba ni dariya, bola fa kenan a wurinmu) don su samu abin gwadawa. Sannan suka ɗauki ɗan ɓurɓushin da bai kai ƙwayar gero ba daga zanen jar kujera da Picasso ya yi a 1931, suka kai ɗakin bincike na Argonne a Amurka inda Volker Rose ya haska shi da na'urar eksire mai ganin ƙwayar launi ɗaya-ɗaya. Farin sinadarin zinki ne a ciki, mai tsabta sosai, ƙarfen da ya gauraya da shi kaɗan ne, kuma ya yi daidai da na tsohon gwangwanin Ripolin. A 2013 suka buga sakamakon.

Amfanin ba na gulma ba ne kawai, mai gyaran zane sai ya san fentin kafin ya sa masa abin goge datti, in ba haka ba ya narkar da dukiyar miliyoyi.

Da dare na tura wa kawu hoton wurin da fentin ya zuba. Ya turo min saƙon murya yana cewa, ɗana wannan baturen tina ya cika, kuma bai jira shafin farko ya bushe ba.