Daga Zariya zuwa Chappal Waddi: kayan da suka jure da waɗanda suka yage

Mun tashi daga Kwangila bayan sallar asuba, cikin tsakiyar hunturu, da niyyar hawa Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, can bakin iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Daga Pambegua zuwa Saminaka, Jos, Bauchi, Gombe, Numan har Jalingo, zaman mota ne kawai da ƙura. Maganar kaya ce ta cika mini kai, domin ayarinmu ya rabu biyu tun daga gida. Wasu sun yi odar kaya marasa nauyi daga waje, irin waɗanda jaka da tanti da shimfiɗa da tukunya gaba ɗaya ba sa kai kilo 4.5 in an cire ruwa da abinci. Sauran kuwa gwanjon Sabon Gari suka ɗauko, jakar goyo irin ta soja wadda ko babu komai a ciki ta haura kilo 2.

Ɓarnar farko a but ɗin mota ta faru, tun ba a ga dutse ba. Ɗan kamasho ya danna jakunkuna a ƙarƙashin kwali da buhun doya, ya ɗaure da igiyar roba, kafin Gombe ragar aljihun gefe ta jaka mafi tsada ta tsage. Masu ƙera waɗannan kaya bayan mutum suka yi wa lissafi, ba su san but da bayan babur ba. Maganin mai arha ne: a zura jakar cikin tsohon buhun shinkafa a ɗaure bakin, a bar buhun ajiya a ƙauyen ƙarshe.

Bayan Bali wani mai kaki ya tsayar da mu a shinge. Sallama ma bai amsa ba, abin da ko yaro ba zai yi ba a cikin birnin Zariya. Ya sa aka zazzage komai a kan tsakuwa yana tsokana da sanda. Wanda ya shirya kayansa cikin ledoji masu nuna abin da ke ciki ya gama da wuri, kuma ba a ja masa yadin tanti a ƙasa ba. A Serti kuwa, inda ofishin gandun yake, an karɓe mu da mutunci, aka yi mana takarda, aka haɗa mu da ja-gora. Daga nan hanya ta yi ta naɗewa tana hawa tsaunin Mambilla, iska ta sauya, har muka sauka Nguroje muna neman rigunan sanyi. Shayin can, na gonar Kakara, ya cancanci yabon da ake masa. Kuɗin babur zuwa ƙauyen da ake fara tafiyar ƙasa ne ya yi tsada ƙwarai, amma da na ga hanyar sai na daina ciniki, haƙƙinsu ne.

A hawan farko masu kaya marasa nauyi suka nuna gaskiyarsu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka, wato mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13. Mai jakar soja ya wuce haka sosai, kuma gwiwarsa ce ta biya, musamman a gangara. Amma jaka marar ƙarfe a baya ita ma tana da iyaka: da zarar an zuba mata fiye da kilo 9 ko 10, nauyin ya bar ƙugu ya koma kafaɗa, ɗinkin madaurin ya fara buɗewa.

Duk rigimar tana cikin lambar nan da ake rubutawa da harafin D a jikin kaya. Nauyin zare ne, giram nawa mita 9,000 nasa ke yi. Tanti marar nauyi yakan zama 10D zuwa 20D, jakar soja 500D ko 1000D. Yadin 15D na riƙe ruwan sama da iska yadda ya kamata, in dai a sama yake. Abin da ba ya jurewa shi ne goga da huda, kuma su ne ƙasarmu ta fi yawa da su. A wannan lokaci makiyaya sun ƙone ciyawa, kututturenta ya tsaya kamar ƙusa, ga tsiron tofa mai tsini yana fitowa. Daren farko katifar iska guda ta sace kafin tsakar dare, mai ita ya kwana a ƙasa mai sanyi. Gyaranta sai da rana: a hura ta, a shafa ruwan sabulu, a nemi inda kumfa ke tashi, a goge wurin ya bushe sarai, sannan a manna faci a danne shi. In da laima ko ƙura a wurin, facin zai ɗago. Katifar soso mai naɗewa nauyinta kusan giram 400 ne, ba ta kai ta iska laushi ko ɗumi ba, tana da girma a bayan jaka, amma ƙaya ba ta hana ta aiki. A irin wannan daji ita zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Wanda ya dage sai ta iska, ya share wurin da takalmi, ya shafa da tafin hannu, ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin tanti.

Raɓar can ba irin ta Samaru ba ce, jiƙa komai take yi. Yadin nailan na shan ruwa ya saki, sai ka ga rufin tanti ya sauko yana taɓa fuska, don haka a sake jan igiyoyi kafin a kwanta. Poliyesta bai cika yin haka ba. Rumfar Dyneema, wani yadi marar nauyi da ba ya shan ruwa, da ɗayanmu ya zo da ita ta kwana a miƙe, da safe ya kakkaɓe ta ya naɗe. Sai dai tsadarta ta wuce hankali, kuma ita ma tsoron goga take yi, naɗe ta ake yi a hankali, ba a cusa ta. Siraran turakun tanti na titaniyom, wani ƙarfe marar nauyi, sun lanƙwashe a busasshiyar ƙasa. Na alminiyom masu fuska uku sun fi su nauyi kusan ninki biyu, amma sun shiga sun zauna.

A wata ruga da muka ratsa, dattijon gidan ya sa aka kawo mana kindirmo da madara mai ɗumi, ya ƙi karɓar ko sisi, har ransa ya so ɓaci da aka matsa. Shi da ke hawa waɗannan tuddai kullum, kayansa takalmin roba ne da malafa da bargo da sanda. Ya murza yadin wata jaka da yatsu biyu ya ce, "Samari, in wannan ta yage a sama, wa zai ɗinke muku?" Ɗayanmu ya ce, "Baffa, manne ta ake yi." Tambayarsa ita ce ta fi dacewa da mu. Yadi mai kauri kowane tela ko baduku a Tudun Wada zai gyara shi. Siriri kuwa allura kanta rauni ce gare shi, sai tef na musamman wanda ba a cika samu a kasuwarmu ba, saboda haka a saye shi tare da kayan. Haka zif: ƙarami mai lamba 3 ƙurar hunturu na cinye kansa har ya daina haɗe haƙora. A goge shi da tsohon buroshi, a ɗan matse kan da filaya. Mai lamba 5 ya fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Tukunyar titaniyom ta tafasa ruwan shayi da taliya ce. Ba ta rarraba zafi, shinkafa kamawa take yi a gindi, ta alminiyom ta fi ta girki. Sandar tafiya ta kabon, wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, ta karye tsaf da ta maƙale tsakanin duwatsu, ta alminiyom lanƙwasa kawai ta yi aka miƙe ta.

Inda ake rage nauyi ba tare da asara ba shi ne abin da aka bari a gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma akwai ƙoramu a hanya, don haka lita 2 da matatar ruwa sun isa, in ja-gora ya tabbatar da inda ruwa na gaba yake. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino da kilishi sun fi gwangwani. Rigar canji ɗaya ta wadatar.

Saman dutsen fili ne na ciyawa da iska mai ƙarfi, hazo ya rufe yawancin ɓangaren Kamaru. Mun yi addu'a muka sauko. Dawowa ta Jalingo muka sake biyowa, aka kwana a Gombe. Wanda ya iso gida ya shanya tantinsa a inuwa har ya bushe kafin ya ajiye, domin rana na cin nailan, laima da zafin ɗaki kuma su sa shafen da ke hana ruwa shiga ya yi danƙo ya fara ɓarewa.