Laraba, buta ta huɗu

Yau lafiya lau na tashi wallahi, har da 'yar waƙata a kicin. Inna ta aiko da wainar da ta yi min alƙawari tun Juma'a, na ci biyar a tsaye na fita, adaidaita ma ban daɗe a bakin titi ba na samu.

Kilinik ɗinmu na dabbobi shiru har wajen sha ɗaya. Akuya guda da ta ci leda, sai rigakafin kaji. Can sai ga wani maigadi ya jawo kare, irin manyan nan na gadi masu tsayayyen kunne, wai maigidansa ya ce a duba masa ƙafa. Ƙafar gaba ta hagu, daidai gaɓa, gashin wurin ya zube tas, fatar ta yi ja ta yi kauri tana ɗan tsattsafo ruwa, faɗin ciwon kamar murfin robar lemo. Muna magana yana kwance yana lasa. Maigadin ya daka masa tsawa ya ɗago kai ya kalle mu, ko ƙirga biyar ban yi ba ya koma. Dakta ya duba kaska da ƙuma, ya kankari fatar muka duba ko ƙazuwa ce, ya lanƙwasa gaɓar ko ciwon daga ciki yake, babu. Sai ya tambaya awa nawa yake yi a keji. Tun asuba har sha ɗayan dare, kullum. Ya rubuta maganin ciwon, ya ce a riƙa sakinsa yana zagayawa ana fita da shi, in bai daina ba nan da 'yan makonni za mu ɗora shi a kan fuluwoksetin.

Sunan maganin nan ne ya tsaya min a rai har aka tashi.

Don mun yi shi a makaranta, na tuna. A 1992 wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Judith Rapoport, ta gwada wa karnuka masu irin wannan lasar magungunan da ake ba mutane masu OCD, masu wanke hannu ba iyaka ko duba ƙofa sau ashirin. Kilomifiramin da fuluwoksetin, masu aiki a kan sirotonin, wani sinadari da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa, suka rage lasar. Desifiramin kuwa, wanda dama ba ya taimakon masu OCD, su ma karnukan bai yi musu komai ba. Sannan a 2007 a jami'ar Duke su Guoping Feng suka cire wa ɓeraye ƙwayar gado guda ɗaya, Sapap3, ɓerayen suka dinga gyaran jiki suna susar fuska har gashi ya zube suka ji wa kansu rauni, da aka ba su fuluwoksetin abin ya lafa, da aka mayar musu da ƙwayar gadon a wani sashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa ma ya lafa. Sashen nan a kan wata hanya yake mai zagaye, daga gaban ƙwaƙwalwa saman ido ta gangara cikin yankin da ake kira basal gangiliya ta bi ta wani sashen mai suna talamus ta dawo inda ta fito, ita ke taya ka zaɓar abin da za ka fara da sanda za ka ce ya isa haka. Ɓera na da ita, kare na da ita, mu ma haka. Kuma dai basal gangiliyar nan ce ke samun matsala a cutar Parkinson mai sa karkarwa, a can mutum ya kasa fara motsi, a nan ya kasa tsayawa.

Na dawo gida ana kiran magariba. Auta na tsugune a bakin famfo. Tun bayan azumi haka yake, alwala ba ta ƙare masa sai ya yi ta maimaitawa, amma yau na tsaya a soro na ƙirga. Ya wanke hannu ya kuskure baki ya kai har gwiwar hannu, sai ya tsaya yana kallon tafinsa, ya zubar, ya koma farko. Buta ta huɗu kenan lokacin da na ji liman ya yi sallama. Bayan hannunsa duk ya faffashe, da sanyin nan da ruwan, tsakanin yatsu har ya yi fari.

Na shiga kicin na tarar da Umma tana tuƙa tuwo, kuma ni da zumuɗin abin da na kwaso a kaina sai na fara da kare. Na ce Umma yau an kawo mana wani kare yana lasar ƙafarsa har ya yi ciwo ya kasa dainawa, kuma kin san maganin da ake ba shi irin wanda ake ba masu matsala irin ta Auta ne, wai a ƙwaƙwalwa wuri ɗaya ne...

Ta ajiye muciyar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce “Ɗan nawa kike haɗawa da kare? Yaron da ke neman tsarki don ya tsaya gaban Ubangijinsa, shi ne kika rasa abin da za ki kwatanta shi da shi sai kare?”

Na ce wallahi Umma ba haka nake nufi ba.

Ta ce “To me kike nufi? Waswasi ne, shaiɗan ne, Malam ya ba shi abin da zai riƙa karantawa. Ba komai ne na asibitinku ba. Miƙo min marar nan.”

Na miƙa mata. Muka kwashe tuwo babu mai cewa uffan.

Tun ɗazu nake juya maganar. Na san na yi kuskure, kare fa na ce, a gidanmu, a kan maganar alwala. Amma abin da nake so ta ji har yanzu ina nan a kansa. Yaron nan kullum gani yake shi ne mai laifi, imaninsa ne da rauni, Yaya ya yi masa faɗa ya ce iyayi ne, Baba ya ce almubazzaranci da ruwa. Ni kuma yau na ga dabbar da ba ta san najasa ba, ba ta san farilla ba, ita ma ta maƙale haka. Ban ce abin da ke zuciyarsu ɗaya ba ne, kare ba ya tsoron kar sallarsa ta ɓaci, wannan azabar Auta ne kaɗai ke shanta. Amma birkin da ya ƙi kamawa iri ɗaya ne, kuma birki ana gyara shi. Wajen mutum 2 cikin 100 na fama da wannan abin a rayuwarsu.

Kuma ni ban ce a bar addu'a ba. Abin da malamai ke cewa ma, in shakka ta zama maka ɗabi'a kar ka waiwaye ta, ka wanke sau uku ka wuce, kusan shi ne abin da masu ilimin halayyar ɗan'adam ke koya wa mai OCD, ya zauna da tsoron bai maimaita ba har tsoron ya sauka da kansa. Sai dai cewa mutum ya daina daban, a riƙe masa hannu mataki-mataki har ya iya daban. Ayar nan ta Suratul An'am ta faɗo min, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu, amma ban koma na karanto mata ba, zai zama kamar gardama nake so in ci.

Ban iya cin tuwon ba. An ɗauke wuta wajen tara.

Ina kwance ina latsa waya sai na ji an taɓa ƙofa a hankali. Auta ne, ashe ya ji mu ta taga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɓoye hannuwa cikin hannun riga, ya ce “Yaya, karen nan, in an ba shi maganin yana dainawa?”

Na ce da yawansu abin yana raguwa sosai, amma ba rana ɗaya ba, sai an yi makonni, wani wata biyu wani uku, kuma ba magani kaɗai ba ne. Ya gyaɗa kai. Na ce zo nan, na ɗauko man kaɗe na shafa masa a bayan hannu, yana ɗan janyewa saboda zafi. Bai ce komai ba, ni ma haka.

Gobe in Baba ya dawo daga masallaci da asuba zan same shi shi kaɗai, kafin Umma ta fito. Ba zan ambaci kare ba. Yanzu sha ɗaya da kwata, ina jin ƙarar famfo.