Kitson maƙwabciya

Yau da muka taso daga asibiti a Delhi, ni da Baba, wani dattijo ɗan addinin Sikh ne ya ɗauko mu a tasi, da shuɗin rawaninsa. Muna haye kogin Yamuna ya nuna gabas da haɓa ya ce can unguwar Trilokpuri aka haife shi. Shekararsa tara a watan Nuwamban 1984, lokacin da aka bi 'yan Sikh gida-gida ana ƙona su, bayan wasu 'yan Sikh biyu masu tsaron Firayim Ministar Indiya, Indira Gandhi, sun harbe ta. Kusan mutum 3,000 aka kashe a Delhi kaɗai.

Maƙwabciyarsu 'yar Hindu ce ta janyo shi ɗakinta, ta warware masa dogon gashinsa, ta yi masa kitso biyu, ta zura masa rigar 'yarta. Da samarin suka shigo da galan ɗin kananzir, ta ce, "'Yata ce." Babansa kuwa ko gawarsa ba su gani ba. Baba dai "Allah Ya saka mata" kawai ya iya faɗa. Ni kuma har yanzu hannunta nake tunani, yadda ya iya kitso ana ihu a ƙofar gida.