Darussa daga rayuwar Ambedkar ga lauyan da ke son shiga majalisa

Lauyan da ya saba da kotu yakan ɗauka idan hujjarsa ta tsaya, magana ta ƙare. A majalisa kuwa sai ya ƙirga masu ɗaga masa hannu, ya kuma san ranar da ƙudirinsa zai samu shiga jadawali. Dakta Bhimrao Ambedkar na Indiya ya ɗanɗani wannan da kyau.

An haife shi a 1891 cikin al'ummar Mahar, waɗanda tsarin asali na Hindu ya mayar ƙasƙantattu, ko taɓa su ba a yi. Ya yi karatu a Jami'ar Columbia a Amurka, ya zama lauya a Gray's Inn da ke Landan, ya kama aiki a Babbar Kotun Bombay a 1923.

A garin Mahad ya fara gane iyakar abin da ke kan takarda. Majalisar Bombay ta amince tun 1923 cewa kowa ya sha daga ruwan jama'a, amma tafkin Chavdar ya ci gaba da zama haramun ga mutanensa. A Maris 1927 ya jagorance su suka sha. Masu adawa suka garzaya kotu suna cewa tafkin mallakar wasu ne, ba a gama shari'ar ba sai 1937. Shekara goma ke nan a kan ruwan sha, saboda matsayar majalisar ba ta ɗora wa kowa alhakin aiwatarwa ba.

Aikin kundin tsarin mulkin Indiya ya tafi daidai. An naɗa Ambedkar shugaban kwamitin rubutawa a Agusta 1947, B. N. Rau, mai ba da shawara kan tsarin mulki, ya shirya daftarin farko, jam'iyyar Congress mai rinjaye kuma tana son a gama. Aka amince da shi ranar 26 ga Nuwamba 1949, har da sashe na 17 da ya haramta ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa.

Inda aka fi samun darasi shi ne ƙudirin gyara dokar iyali ta Hindu. A matsayinsa na ministan shari'a, ya kawo shi dunƙule guda: aure, saki, gadon 'ya'ya mata, ɗaukar ɗan riƙo, waliyyanci. A idon lauya hakan daidai ne, domin sassan suna jingine da juna. Matsalar ita ce wanda ya ƙi saki kaɗai da wanda ya ƙi gadon mata kaɗai duk sun haɗu a layi ɗaya suna cewa a'a. Shugaban ƙasa Rajendra Prasad bai yarda da shi ba, zaɓe ya matso, Ambedkar kuma ba ɗan Congress ba ne balle ya ja 'yan majalisarta. Masu adawa ba su ma damu da kayar da hujjarsa ba, lokaci suka riƙa cinyewa da dogayen jawabai da gyare-gyare. A Satumba 1951, bayan kwanaki ana muhawara, sassa huɗu kacal aka wuce, Firayim Minista Nehru ya jingine ƙudirin, Ambedkar ya ajiye muƙami.

A ganina gaskiya tana gefensa, kuma abin takaici ne mata suka ƙara jiran shekaru. Bayan Congress ta ci zaɓen 1952, gwamnatin Nehru ta raba ƙudirin gida huɗu, aka zartar da dokar aure a 1955, ta gado da sauran biyu a 1956. Ambedkar kuwa ya faɗi zaɓen a Bombay, ya shiga majalisar dattawa ta Rajya Sabha, yana cikinta har rasuwarsa ranar 6 ga Disamba 1956.