Tsinkar inabi a Morgon da giyar gidan tsoho

Duk ɗalibin Nijar da ya zauna Lyon ta ƙasar Faransa ya san idan Agusta ta kama kowa neman aikin tsinkar inabi yake, don kuɗin haya ba ya jiran kowa. Ni ma a 2022 haka na faɗa ciki, wani abokina ya haɗa ni da wani gida kusa da Villié-Morgon, a yankin Beaujolais arewa da Lyon, ka hau jirgin ƙasa ka sauka Belleville sai su zo su kwashe ku a mota. Gida ne ƙarami, tsoho da matarsa da ɗansu guda, shi ke tuƙa tarakta kuma shi ke fama da banki. Ni Kirista ne daga wajen Maradi, ɗanɗana giya bai dame ni ba, amma akwai 'yan'uwa Musulmi a cikinmu da ko kusa da kofin ba sa zuwa, Madam, matar tsohon, kullum tana ajiye musu lemo da ruwan tuffa, kuma ba wanda ya taɓa matsa musu.

Aikin dai ba wasa. Itacen inabin can gajere ne, tsofaffin gonakin ba a ɗaure su a waya, kowane na tsaye abinsa bai wuce cinya ba, kana duƙe da almakashi da bokiti tun sanyin safe a kan gangaren tudu, da yamma bayanka kamar ba naka ba. Da hannu ake tsinka, gungun gaba ɗaya har da sandarsa, kuma tsoho ba ya son a danna bokiti ko kaɗan. Sai da ya kai ni ɗakin tankuna na gane dalili. Haka ake zuba inabin ba a matse ba, na ƙasa nauyi ya fasa su su fara tashi, iskar da suke fitarwa ta cika tankin, na sama kuma kowane ɗa ya dinga tsimuwa a cikin fatarsa. Shi ya sa giyar ke fita da ƙamshin 'ya'yan itace sosai ɓauri kaɗan. Idan ka farfasa su tun a gona ka ɓata masa lissafi kenan.

Ɗanɗanon farko da na yi, abin da suke cewa paradis ne, ruwan da ke gangarowa daga matsewa bai gama zama giya ba, zaƙi kamar me, ga ɗumi, ga kumfa kaɗan a harshe. Madam ta ce ɗana, rabin kofi ya isa, cikinka zai ba ka labari in ka ƙara. Wani ɗan Italiya bai ji ba, washegari ba mu gan shi a layi ba sai rana ta take.

Daren gama aiki, wanda suke kira revole, tsoho ya sauka da mu ɗakin ƙasa ya jera kwalabe uku, duk irin inabi guda, gamay, duk hannunsa. Ta 2021 ita ce ta farko, shekarar da sanyin Afrilu ya ƙone tohon gonaki a Faransa, damina kuma ta yi ta zuba. Launinta da tsaminta sak zoɓo da ba a sa wa sukari ba, marar nauyi, kana haɗiyewa yawu na zuwa. Ya ce kwalaben shekarar ba su da yawa amma ba ya jin kunyarsu. Ta biyu daga Côte du Py ce, tudun nan mai shuɗin dutse da ke rugurgujewa a hannu, gaskiya na ɗauka irin cika bakin masu sayarwa ne da ake cewa ƙasa tana shiga ɗanɗano, to wallahi ta fi duhu, ta fi kama dasashi, akwai wani ƙamshin ceri baƙi da ɗan yaji a ƙarshe, kuma tsakanin gonakin biyu tafiya ce ta ƙafa. Ta uku 2015, shekarar zafi, ita na kasa mantawa. Ya buɗe ya ce kar kowa ya taɓa, muka yi ta hira, yana ba mu labarin yadda a 1395 sarkin Burgundi Philippe ya sa a tumɓuke gamay daga ƙasarsa wai mugun iri ne, yana dariya har da tari. Da muka dawo kanta warin rufaffen ɗaki ya tafi, sai ƙamshin busassun 'ya'yan itace da ƙasa mai laima, laushi a baki, ka haɗiye tana nan tana nan.

A wurinsa na koyi sansanawa kafin kurɓa, da tofarwa a bokiti ba kunya, shi da ya yi rayuwarsa cikin giya ban taɓa ganin ya yi tangaɗi ba. Na tambaye shi batun Beaujolais nouveau, sabuwar giyar shekara da ake ta hayaniyar fitowarta duk Alhamis ta uku ta Nuwamba, ya ɗaga kafaɗa ya ce Morgon, wato yankinsu, na cikin manyan yankunan giya goma na Beaujolais, doka ma ba ta yarda su fitar da nouveau da sunan ba, tasu sai ta huce.

Ɗan ne dai hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce zamanin kakansa sai Satumba ta yi nisa ake tsinka, ga mu a Agusta muna fara aiki da asuba don gudun rana, inabin na tara sukari da wuri giya na ƙara ƙarfi, masu saye kuma marar nauyi suke nema. Yana tunanin sayen wata gona can sama wajen Chiroubles inda ya fi sanyi, tsoho ya ce bashin tarakta tukuna.