Ka sayi wasa, kamfani ya kashe sabar: na wane ne wasan?

Ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft ya rufe sabar wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014. Sabar ita ce kwamfutar kamfani da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet. Tun daga ranar, ko faifan yana hannunka, wasan ba ya buɗewa. Dalili kuwa, ko kai kaɗai za ka yi tsere, sai manhajar ta tuntuɓi sabar an tantance asusunka, kuma a can ake ajiye motocinka da matakin da ka kai.

Wannan ne ya sa Ross Scott, mai yin bidiyo a YouTube, ya fara fafutukar Stop Killing Games (wato a daina kashe wasanni) a Afrilun shekarar. Koken da aka shigar a Tarayyar Turai yana buƙatar sa hannun mutum miliyan ɗaya, ya kuma haura miliyan 1.4 kafin a rufe a ƙarshen Yulin 2025.

Masu koken ba su ce a riƙe sabar har abada ba. Cewa suka yi in kamfani zai janye, ya bar wasan yana aiki. Ana iya cire tantancewar a mayar da ajiya kan na'urar mai wasa. Ana iya sakin manhajar sabar kowa ya kafa tasa, kamar yadda kamfanin Velan Studios ya yi wa wasan Knockout City a 2023.

Kamfanoni na da hujja, ba ƙarya. Sabar zamani ba manhaja ɗaya ba ce: akwai mai haɗa 'yan wasa, mai kama maguɗi, mai karɓar kuɗi, wasu ma hayarsu aka yi, ba dama a raba su. Lasisin kiɗa da na sunayen motoci ma yana ƙarewa. Amma a ganina wannan ya fi shafar tsofaffin wasanni. Wanda ake ginawa yau ana iya tsara masa mafita tun a kwantiragi. Ubisoft ɗin ma ai ya sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet a 2025.

Masu rajin 'yancin manhaja suna ganin duk wannan bai isa ba. Manhajar da aka saki a kulle takan daina tashi in Windows ya canza, kuma ba mai iya gyara ta. Wasan Doom kuwa, kamfanin id Software ya saki asalin kod ɗinsa (rubutun da aka gina manhajar da shi) a 1997, ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL, mai bai wa kowa damar gyara kod da raba shi, a 1999, shi ya sa har yau yake tashi a Linux da wayar Android. Sai dai hotuna da sautin wasan ba sa cikin abin da aka saki, waɗannan sai ka saya.